Daga Sabkha zuwa Kannywood: Yadda wasan kwaikwayo ke leƙa abin da fuska ke ɓoyewa

Idan aka ambaci Dubai a fim ɗin Hausa, mai kallo ya riga ya san inda aka dosa tun kafin a rufe baki. Alhaji ya tafi Dubai, ke nan akwai kuɗi. An haɗo lefe daga Dubai, ke nan yarinya ta yi goshi. Hajiya ta dawo da gwala-gwalai, to kishiya sai ta yi ta kanta.

Sai dai Dubai ɗin da akasarin 'yan kasuwar Kano da Maraɗi da Damagaram suka sani ba ita ce ta Burj Khalifa mai tsawon mita 828 ba. Tasu tana Deira, tsohon ɓangaren birnin, a unguwanni irin su Naif da Al Sabkha, wadda ake taƙaita sunanta a ce Sabkha.

Kalmar a Larabci na nufin ƙasa mai gishiri. A yau ƙaramar unguwa ce mai ƙuntatattun lunguna a bakin mashigin ruwan Dubai, cike da shagunan waya da agogo da turare da takalma da yadi, da ƙananan otal-otal, da ofisoshin masu aika kaya zuwa Afirka. Daga tashar jiragen ruwanta ake shiga ƙaramin jirgin katako da ake kira abra, a biya dirhami 1 a tsallaka zuwa tsohuwar kasuwar Bur Dubai.

A nan ɗan kasuwa yake wuni yana tayi ana albarka, yana lissafin canji, yana jan kwali a cikin zafin da kan haura 40 a ma'aunin Salshiyas. Mai yiwuwa da dare ɗaki ɗaya zai raba da wasu don rage kuɗin masauki. Kafin ya koma gida kuwa, sai ya sa sabuwar shadda ya hau jirgin ƙasa zuwa tsakiyar birni, ya tsaya gaban dogon ginin a ɗauke shi hoto. Hoton ne zai riga shi isa gida.

Babu ƙarya a hoton, domin ya je wurin. Babu ƙarya kuma a gumin da ya sha a lungu. Amma mutum biyu ne suka yi tafiyar, kuma ɗaya kaɗai dangi za su gani. Wannan tazara da ke tsakanin wanda mutum yake a ransa da wanda yake nuna wa jama'a ita ce abincin wasan kwaikwayo tun fil azal.

Fuskar aro

A tsohuwar Girka da Rum, 'yan wasa kan rufe fuskarsu da wata fuskar da aka sassaƙa ko aka ɗinka. Rumawa na kiranta persona, kuma daga nan harsunan Turai da dama suka samo kalmar da suke kiran mutum da ita. Girkawa kuma na kiran ɗan wasa hypokrites, kalmar da daga baya ta rikiɗe ta zama sunan munafuki. Wato tun daga tushe, mutum da ɗan wasa da munafuki maƙwabtan juna ne a harshe.

A shekarar 1956 wani masanin zamantakewa ɗan asalin Kanada, Erving Goffman, ya wallafa littafin The Presentation of Self in Everyday Life, inda ya ɗauki rayuwar yau da kullum a matsayin dandali. Ya ce kowa na da wurin da yake fitowa gaban 'yan kallo, da kuma bayan fage inda yake sauke numfashi. Wani ɓangare na misalansa ya samo su ne daga wani otal a tsibiran Shetland na Birtaniya, inda ya lura da yadda ma'aikata ke sauya murya da tafiya da zarar sun ratsa ƙofar da ta raba madafa da ɗakin cin abinci.

Bahaushe bai buƙaci zuwa Shetland ba kafin ya gane haka, domin da laka ya gina wannan tunani. Gidan gargajiya na da zaure inda baƙo ke tsayawa, sai shigifa, sai tsakar gida, sai ɗaki, sai ƙuryar ɗaki. Kowace ƙofa tana rage yawan masu iya shiga, kuma tana rage yawan abin da maigida ke ɗauke da shi a fuska. Mutumin da ke gyaran murya a zaure yana bai wa maroƙi kyauta, shi ne zai iya zama a ƙurya ya yi tagumi saboda bashi.

Kunya, kara da rufin asiri

Akwai wani bambanci da ya kamata a yi hattara da shi. A yawancin wasannin Turai na zamani, fuskar da ake nuna wa jama'a kurkuku ce, kuma jarumi shi ne wanda ya fasa ta ya fito. Haka Nora ta yi a wasan A Doll's House na Henrik Ibsen a 1879: ta gaji da zama 'yar tsanar mijinta, ta fice daga gidan.

A wurin Bahaushe lamarin ba haka yake kai tsaye ba. Ɓoye abin da ke rai sau da yawa tarbiyya ce. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba don ba ta son sa ba. Amarya na kuka ranar da aka kai ta gidan wanda ita ta zaɓa. Baƙo na cewa ya ƙoshi alhali hanjinsa na kuka. Mutum na amsa "lafiya lau" a kan gadon asibiti. Lokacin da Anthony Kirk-Greene ya yi nazarin abin da Hausawa ke nufi da mutumin kirki a farkon shekarun 1970, kunya da haƙuri da mutunci na cikin siffofin da ya lissafa, kuma dukkansu na buƙatar mutum ya iya haɗiye wani abu. Ciki, in ji masu iya magana, ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Addu'ar da talaka da mai kuɗi suka yi tarayya a kanta ita ce Allah ya rufa asiri. Ba cewa ake yi Allah ya sa babu asirin ba. An yarda akwai shi, roƙon shi ne kada ya tonu.

Amma harshen da ya girmama kara shi ne kuma ya tanadi baƙaƙen sunaye: fuska biyu, baki biyu, musa a baki fir'auna a zuci, ga kuma riya da malamai ke kira ƙaramar shirka. Matsalar ita ce daga waje rufin asiri da yaudara kamarsu ɗaya. Mai bashin da ya sa babbar riga don kada 'ya'yansa su ji kunya a gidan biki, da wanda ya sa ta don ya ƙara cin wani bashin, riga ɗaya suka sa. Ido ba ya rabe su. Wasan kwaikwayo ne kaɗai ke da izinin bin kowannensu har ƙuryar ɗaki.

Wannan izini tsoho ne. A wasan gauta, ana kwaikwayon sarki da fadawansa a gaban idonsu, su ga tafiyarsu da maganarsu a jikin wasu. A tashe, wanda ake farawa bayan azumi ya kwana 10, yaro zai manna gemun auduga ya cusa tsumma a ciki ya zama dattijo ko malami ko boka, ya faɗi abin da ba zai iya faɗa da fuskarsa ba. Abin lura a nan shi ne fuskar aro ce ke ba da damar faɗin gaskiya.

Ta ina ake shiga zuciya?

Marubucin ƙagaggen labari na iya cewa kawai "a ransa ya ce". Mai shirya wasa ba shi da wannan gata, dole mai kallo ya gani ko ya ji.

Hanya mafi tsufa ita ce ɗan wasa ya juyo ya yi wa 'yan kallo magana. Da ita Shakespeare ya yi aiki a Othello, inda Iago ke bayyana mana makircinsa, sa'annan ya koma cikin mutanen da ke yaba gaskiyarsa. Kannywood ta gaji dabarar ta hanyar maganar zuci: baki a rufe, fuska na murmushi, murya na fita daga sama tana faɗin akasin haka. Dabara ce mai sauƙi, kuma sauƙin nata ne ya sa ake yawan cin zalinta. Idan kishiya ta riga ta harari kofin shayi, ba sai an sake gaya mana da murya cewa ta zuba wani abu a ciki ba.

Wole Soyinka ya nuna yadda za a yi ta da gwaninta a The Trials of Brother Jero, wanda aka fara nunawa a Ibadan a 1960. Jero mai wa'azi ne a bakin tekun Legas, kuma da bakinsa yake shaida wa 'yan kallo cewa mabiyansa abokan ciniki ne, kuma yana barin su cikin rashin biyan buƙata ne don kada su daina zuwa. Alkyabbar karan-miskin da ke ba shi kwarjini kuwa bashi ya ci, kuɗin bai kai fam 2 ba, kuma mai kayan, Amope, ta zo ta kafa sansani a ƙofar gidansa. Ta taga yake ficewa. Zanen aro dai ba ya rufe katara, amma Soyinka bai bar mu mu tsaya a dariya ba, domin a ƙarshen wasan Jero ne ke da nasara.

Sai kuma waƙa, wadda aka fi sukar finafinan Hausa a kanta. Tun bayan fitowar Turmin Danya a 1990, da bunƙasar masana'antar da aka raɗa wa suna Kannywood a ƙarshen shekarun 1990, ake zargin masu shirya fim da kwaikwayon Indiyawa. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin sun yi rubutu mai yawa kan wannan alaƙa. Amma ban da kasuwa, waƙar na yin wani aiki. A al'adar da budurwa ke sunkuyar da kai tana wasa da gefen mayafi idan saurayi na magana, ina za a ajiye abin da ke ranta? Sai a ɗauke su a kai lambu, a sauya musu kaya, su rera abin da zaure ba zai ɗauka ba. Idan waƙar ta ƙare, a dawo da su kan tabarma kamar ba a yi ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa wurin rawa da waƙa ya zama inda aka fi samun saɓani da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001: nan ne abin da ke ciki ke fitowa fili.

A 'yan shekarun nan wayar salula ta karɓi aikin da aminiya da ɗan aike suke yi a da. Mutum zai gama waya da "ranka ya daɗe", ya kashe, ya ja tsaki. Daƙiƙa biyun nan da ke bayan kashe waya sun fi dogon jawabi bayyana hali. Shirin Kwana Casa'in, wanda tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2019, a kan wannan ya ginu: abin da 'yan siyasar jihar Alfawa ke faɗa a gaban makirfo, da abin da suke ƙullawa idan an rufe ƙofar falo. Shirin Labarina na Aminu Saira kuma ya juya rigar a wani zangonsa, inda Mainasara, wanda Sadiq Sani Sadiq ya fito a matsayinsa, ya ɓoye dukiya ya shiga rigar talauci don ya gane mai son sa tsakani da Allah. Masu kallo sun so shi, duk da cewa shi ma yaudara ya yi. Da talaka ne ya yi shigar masu kuɗi don neman aure, da wani sunan za a kira shi.

Ɗan kasuwa, ɗan wasan dole

Ba banza ba marubuta ke yawan komawa kan ɗan kasuwa. Jarinsa na farko ba kuɗi ba ne, yarda ce. Ana ba shi kaya bashi ne saboda an yi imani zai biya, kuma ana yin imanin ne saboda yadda ake ganin sa. Ranar da aka ji ƙishin-ƙishin ya karye, ranar masu bin sa za su yi layi, kuma layin ne zai ƙarasa karya shi. Don haka dole motar ta ci gaba da fita, dole a ci gaba da rabon zakka a ƙofar gida.

Shu'aibu Maƙarfi ya taɓo wannan a Jatau Na Kyallu, labarin attajirin da aure ya kai dukiyarsa ƙasa. Amma wasan da ya fi tona cikin lamarin shi ne Death of a Salesman na Arthur Miller, wanda aka fara nunawa a Amurka a 1949. Willy Loman dillali ne da kasuwa ta juya wa baya. Duk mako yana karɓar rancen dala 50 daga maƙwabcinsa Charley, ya kai wa matarsa Linda a matsayin abin da ya samo. Linda ta sani. Ba ta taɓa nuna masa ta sani ba.

Duk Bahaushiyar da ta taɓa karɓar kuɗin cefane ta yi godiya alhali ta san daga inda aka ranto su, ba ta buƙatar a fassara mata Linda. Kara ce tsantsa. Miller kuma bai ce mana ta yi daidai ko ta yi kuskure ba. Ya dai nuna cewa shirun da ya tsare wa Willy mutunci shi ne kuma ya bar shi shi kaɗai da nauyin, har ya kashe kansa don iyalinsa su sami kuɗin inshora. Jana'izar da yake mafarkin za ta cika maƙil, mutanen da suka je ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Birnin baƙi

Kusan mutum 9 cikin 10 na mazauna Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa baƙi ne. Ma'ana, miliyoyin mutane na rayuwa a wuri guda, 'yan kallonsu kuma na wata ƙasa. Ba a taɓa samun bayan fage mai nisa da dandali kamar wannan ba.

Fim ɗin City of Life na Ali Mostafa, ɗan ƙasar, wanda ya fito a 2009, ya bi rayuwar mutum uku a Dubai. Ɗaya daga cikinsu direban tasi ne Ba'indiye da ya yi kama da wani tauraron finafinan Indiya, kamannin da ya zame masa tsani kuma ya zame masa tarko, domin ba shi ake gani ba, wancan ake gani.

Mutanen jihar Kerala ta Indiya, waɗanda suka daɗe suna ci-rani a yankin Gulf, sun fi kowa juya wannan rayuwa zuwa fim. A Pathemari na Salim Ahamed, wanda ya fito a 2015, Mammootty ya fito a matsayin Narayanan, wanda ya tsallaka teku a jirgin katako yana saurayi, ya shafe kusan shekara 50 yana ƙananan ayyuka a Dubai. Duk zuwansa gida da tsaraba yake zuwa, duk lokacin da ya yi niyyar dawowa gaba ɗaya sai wata buƙata ta taso: auren wata, ginin gida. Dangi sun san akwatinsa, ba su san ɗakin da yake kwana ba. Sai bayan rasuwarsa suka ji shi yana bayanin rayuwarsa a wata hira ta talabijin.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda 'yan Najeriya suka gani ba a fim ba. Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, ya tara mabiya sama da miliyan 2 a Instagram da hotunan motoci da jiragen alfarma daga Dubai. A watan Yunin 2020 'yan sandan birnin suka kama shi, kuma a Nuwamban 2022 wata kotu a Amurka ta yanke masa hukuncin ɗaurin sama da shekara 11 kan halasta kuɗin damfara. Narayanan da Hushpuppi duk sun aika gida da hoton da ba shi ne rayuwarsu ba. Ɗaya ya ɓoye wahala don wasu su ci, ɗaya ya ɓoye inda ya samo abin da yake ci.

Labarin da ke jiran mai ɗauka

Finafinan Hausa sun ƙware a irin labarin na biyu. An saba da Alhajin bogi mai motar aro, da malamin tsibbu mai carbi a hannu, da yadda asiri ke tonuwa a gaban jama'a, a yi kuka, a nemi gafara, a rubuta tammat. Tsari ne mai gamsar da zuciya, amma yana da arha, domin yana barin mai kallo ya tashi yana ganin munafukin wani ne can, ba shi ba.

Ba kasafai ake ganin irin na farkon ba, alhali kayan haɗinsa na nan zube. A watan Oktoban 2022 Daular ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza, kamfanin Emirates kuma ya daina zuwa ƙasar. Ba a dawo da bizar ba sai a Yulin 2024, jiragen kuma sai 1 ga Oktoban shekarar. A tsakanin nan, a Yunin 2023, gwamnati ta saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta faɗi warwas, alhali dirhami na ɗaure da dala a kan kusan 3.67. Duk wanda ke sayo kaya da dirhami ya sayar da naira ya san abin da wannan ke nufi.

Kusan shekara biyu Hajiyar da unguwa ta sani da "ta tafi Dubai" ta yi ba ta da hanyar zuwa. Wasu sun koma saro ta waya ta hannun wakilai, wasu sun karkata zuwa China ko Turkiyya ko Masar, wasu jarin ya narke. Amma biki bai daina zuwa ba, kuma ana sa ran gudunmawarta ta kasance kamar ta da. 'Yan adashi na jira. Ƙannen miji na jira. Ita ma kanta ta saba da mutumin da take gani a madubi idan ta sa sarƙar.

Mai shirya fim da ke son wannan labari ba ya buƙatar maganar zuci ko waƙa a lambu. Ya isa ya bi ta zuwa wurin maƙerin zinariya a kasuwa, ranar da za ta sayar da sarƙar gaske ta sayi mai ruwan gwal irinta sak, sa'annan ya bi ta gidan bikin da yamma, inda ƙawarta ta shekara 20 za ta kai hannu ta taɓa sarƙar, ta ji nauyinta, ta ɗago ta dube ta, ta ce, "Hajiya, wannan ai sai ku."